Saƙon Ƙarfe Bakwai

Wayar Baba tana aljihun rigarsa
da ke rataye a ƙusa, bayan ƙyaure.
Ƙarfe bakwai ta yi ƙara, kamar kullum:
"Malam Tanimu, barka da safiya.
Lokacin shan maganin hawan jini ya yi."

Yau kwana sha tara
da muka kai shi Ɗanmarna.

Ni nake karanta mashi, shi bai yi boko ba.
Sai ya yi dariya ya ce,
"Yarinyar nan ta cikin waya ta fi ku zumunci,
ko Sallah ba ta fashi."
Na ce Baba, inji ne.
Ya ce to injin ya samu tarbiyya.

Ranar Laraba kuwa, kafin likita ya fito a fuskar wayar,
zai bar kekunan mutane a jingine a Ƙofar Guga,
ya wanke baƙin mai da toka da sabulu,
ya sa hula.
Ba a gaida likita kai a sake, in ji shi.
Abin awo ya naɗe damtsensa, yana kumbura
kamar tayar da yake ba iska,
lambobin su tashi su tafi asibiti
shi yana zaune a kan benci.
Shekara biyu suka ƙara mana da shi,
da iznin Mai ƙarawa.

Inna ta ce a kashe wayar nan.
Na ce gobe.
Goben ta yi ta haihuwar wata goben,
ni kuma ina sa mata caji a ɓoye,
don a gidan nan ita kaɗai ta rage
mai kiran sunansa kamar zai amsa.

Yau dai na rubuta: Ya rasu.
Kalma biyu, sai da yatsana ya yi nauyi.

Kafin azahar aka kira.
Ba inji ba, murya ce mai numfashi,
Sista Barira, ta yi gaisuwa, ta yi shiru,
sannan ta ce, "Kai fa, Sagir,
yaushe rabonka da awo? Abin yana bin jini."

Na ɗauko abin daga ƙarƙashin gado.
Har yanzu maɗaurin yana nan a lanƙwashe
daidai kaurin hannunsa.
Na zura nawa.
Ya yi mini daidai.