Tukunyar Ƙarfe

Wata na biyar. A asibitin Bhuj
nas Daksha ta ja fatar idona ƙasa,
ta leƙa, ta ja tsaki:
"Fari fat, kamar alawayyon da mijinki ke ɗinkawa.
Jigna, jininki ya yi ƙasa."

Wata mata a kan benci ta ce hanta ce magani.
Ban tanka ba.
A gidanmu, tun kaka da kakanni,
wuƙa ba ta san wuyan kowa ba
sai na kabewa da kuɓewa.
Ko tururuwa ratse mata muke yi a hanya.

Na dawo da ƙwayoyi a bakin gyale,
ja da fara,
da fargabar da ta fi su nauyi.

Uwar mijina, Ba Hansa, ba ta ce uffan ba.
Ta taka kujera, ta sauko da tukunyar ƙarfe,
baƙa ƙirin, mai kunne ɗaya,
wadda aka manta tun zuwan na silba.
Ta goge ta da toka.
"A nan na dafa mijinki," in ji ta,
"tun yana ciki."

Zogale. Ganyen hulba mai ɗacin tsiya.
Waken da aka jiƙa har ya fid da tsiro.
Gurasar gero, man shanu na narkewa a kai,
riɗi a curin mazarƙwaila,
lemon tsami a kan komai,
wai shi ke buɗe wa abinci ƙofar jini.
Shayi kuwa, abokin asubata,
an raba shi da akushi, sai can da hantsi.
Wannan ya sa ni hawaye, ba hulba ba.

Ba Hansa ta harari farar ƙwayar.
"Mu a zamaninmu..."
Na ce, "Ba, a zamaninku kin rasa biyu."
Shiru ya shigo ya zauna
kamar baƙon da ba a shimfiɗa wa tabarma ba.
Washegari na tarar da ƙwayar a faranti
gefen kofin kindirmo.
Ba ni na ajiye ba.

Wata na takwas.
Keken ɗinkin Mavji na sukuwa a shago,
kana ba shi amsa da diddige.
Daksha ta sake leƙa idona:
"Yauwa. Yanzu kam ruman."

Ban san fuskarka ba tukuna,
ban ma sani ba ko "ke" ya kamata in ce.
Abin da aka gina ka da shi dai na sani:
gonar gero, ƙwaya ja da fara,
da hannun tsohuwar da ke kankare tukunya yanzu haka
tana mitar na bar loma biyu.