Kalmar Sirrin Baba

Kwana arba'in da rufe Baba
na buɗe kwamfutarsa a ɗakinmu na Gangare.
Ta tare ni da farin akwati siriri:
Kalmar sirri.

Baƙuwa ya saita ni a cikinta,
in karanta, in rubuta,
ban da girkawa, ban da gogewa.
Shi ne mai gida, ya tafi da mabuɗi.

Na sa shekarar haihuwarsa, ta ƙi.
Lambar tsohuwar fijo, ta ƙi.
Sunana ma na gwada, da kunya.

Ɗanliti mai gyara a Taminus ya ce,
"Kawo in wanke ta fes."
Wanke me?
Lissafin dankalin Farin Gada,
bashin da ya yafe,
muryarsa yana biya wa Nafi karatu?

Ƙarƙashin akwatin ga 'yar matashiya:
"Abin da Ladidi ta ƙona."
Inna ta yi dariya, ta farko tun rasuwar,
tana share ido da bakin mayafi.
"Gwate ne. Girkina na fari. Ya cinye bai ce uffan ba."

Harafi biyar. Ƙofa ta buɗe.

Yanzu ni ce mai gida.
Na tada garkuwa, na sabunta abin da ya tsufa,
na yanka wa ƙannena ɗaki ɗaki,
kowa da iyakarsa.

Ta ce in canja kalmar, wai ta yi rauni.
Na danna "Sai an jima."
Kowace safiya haka nake dannawa.