Fular ɗin Bizo

Shef Asumana ya aiko takarda da jan biro,
na soke ta da allura bisa keken ɗinkina:
riga ruwan ƙasa, aljihu biyu masu marfi,
maɓalli shidda, launi guda,
wando shuɗi, baƙar ɗamara, takalmi rufaffe.
Ban da silifas. Nan ya ja layi biyu.
Sai fular, kore mai bakin ruwan ɗorawa,
kusurwa uku.

Yara ashirin da bakwai na auna
a rumfata, bayan kasuwar Tawa.
Kowa ya kumbura ƙirji in na zagaya awo,
ni ko in ƙara yatsu biyu a ɓoye,
don yaro shuka ne, ba ya jiran tela.

Bizo ne ya zo ƙarshe, uwa tasa na biye,
ta kwance ƙulli: tsohon kakin ubansa,
wanda damina huɗu ke nan yana Abijan.
Na juya shi, na sake juyawa,
na kauce wa gwiwa, na kauce wa gurbin zama,
da ƙyar riga ta fito.
Maɓalli biyar suka dace.
Na shidda, daga wuyan tawa na cire.

Sauran kayan ba aikina ba ne, amma na gani:
tabarma, tocila, kwano da cokali,
igiya gaba goma, gidan sauro mai faci bakwai,
bido da aka yi wa rigar tsumma don ruwa ya yi sanyi.
Jakar baya kuwa buhun shinkafa ce,
ni na sa mata hannuwa.

Ran tafiya Tabalak, tun kafin hantsi,
suka yi sahu, usur na tashi.
Shef na bin su ɗaya ɗaya kamar mai sayen raguna.
Ya tsaya gaban Bizo,
ya taɓa maɓallin nan da farce,
ya dube ni daga nesa.
Na shiga neman almakashin da ke hannuna.

Kwana biyar suka dawo,
da ƙarangiya a safa, da ƙarnin kifi,
da muryoyin da suka dushe wajen waƙa.
Wuya ashirin da shidda da kore.
Na Bizo fayau.
Doka ta ce mai yar da fular
jika guda da rabi, kuma bayan sahu.
Aka tambaye shi ina, ya ce ya ɓata.
Aka sake, ya ce ya ɓata.

Ran Lahadi, kasuwa ta cika,
wata mai busasshen kifi ta sauke faifai gabana,
ɗiyarta na ɗingishi a baya.
Ƙafar yarinyar na kalla, ba kifin ba:
ƙyalle ne naɗe, ya sha ƙasa, ya sha jini, ya sha wanki,
amma bakin nan nasa yana nan.
Kekena na tsallake ɗinki ɗaya kowane taƙi,
shekara goma na kasa gyara shi.
Ko cikin duhu na san hannuna.

Fasasshen kwalba ne a bakin tabki, in ji uwar,
wani ɗan sikut mai manyan kunnuwa ya ɗaure mata,
ƙullin da har yau ba ya zamewa.

Na sayi kifin dala ɗari, ban ce komai ba.

Da dare na zazzage kwandon guntaye.
Kore bai kai ba, sai da na haɗa uku.
Da safe na kira shi: «Naɗe ta nan, ɗinkin ya ɓuya.»
Ya ce, «Baba Nomau, nawa ne?»
Na ce, «Sa mini zaren nan a allura,
idona ya fara ƙi.»