Ƙafar da Katanga Ta Bari

Ruwan Agusta ya kwana yana jiƙa Tudun Jukun,
da asuba katangar Barau ta gaji da tsayuwa.
Awa huɗu tana kwance a kan ƙwaurinsa
kafin maƙwabta su tono shi da shebur da farce.

A Shika aka kawo mini shi.
Ba jini. Hoto ya ce ƙashi lafiya lau.
Inna Dije har ta fara hamdala.
Na taɓa sha-raɓar,
na ji kalangu ne da aka matse a hammata,
fata na sheƙi, ta ƙi lotsawa.
Na ɗan tanƙwara babban yatsansa,
ya saki ihun da ya farkar da mai gadi.

"Likita, ƙafar da katanga ta bari
ita kuma za ka tsaga?"

Na ce, Inna, ke mai ƙosai ce,
kin san wake in ya sha ruwa a ƙullin leda.
Naman ɗanki na kumbura a ɗakin da ba ya faɗaɗa,
jini ya zo ƙofa, ya iske ta a kulle.
Ta dube ni, ta dubi agogon bango,
ta dangwala yatsa a takarda.

Wuta ta ɗauke, janareta ya yi tari ya kama.
Rifkatu ta miƙo wuƙa.
Tsaga biyu, ciki da waje,
daga ƙasan gwiwa har kusa da idon sawu.
Ɗaki huɗu ne a ƙwauri, na buɗe su ɗaya-ɗaya.
Naman ya turo kai kamar ƙullun da ya tashi,
launinsa na hantar da ta kwana.

Muka tsaya.
Ba wanda ya yi magana.

Sai ja ya fara shigowa,
sannu, kamar baƙo mai kunya.
Na tsunkule shi da hantsaki, ya zabura.
Wani ɗan yanki bai amsa ba,
na yanke shi, girman goro.

Ba mu ɗinke ba.
Akwai raunin da rufe shi ne kisansa.
Fitsarinsa shayi ne ba madara,
muka rataya ruwa, leda bayan leda,
har ya washe ranar Laraba.

Yau muna jan bakin raunin da zare
kamar mai ɗaure takalmi.
Barau ya motsa yatsu biyar, na ƙirga,
ya ce, "Likita, nawa buhun siminti yanzu?"