Minjirya

Ina 'yar shekara tara a Dadin Kowa
na tsoma hannu a gorar Baba Barau
don in ƙirga kamun safiya.
Wani abu ya fizge ni daga yatsa har ƙeya.
Baba ya yi dariya har da riƙe ciki:
"Minjirya ce, Altine. Ba ta cizo, aike take yi."

Aike? Wa ta aiko, ta wace hanya?
Tambayar ta bi ni makarantar kwana,
ta kwanta a akwatina kusa da ƙuli-ƙuli.

Ƙanena Tanimu, farfaɗiya kan kayar da shi gefen murhu.
Maƙwabta su janye 'ya'yansu, wai kumfar na yaɗo.
Ni kuwa yatsunsa nake kallo,
suna karkarwa irin ta hannuna ranar gora.

Yau shekara talatin ina sauraren ƙwaƙwalwa.
A ɗakin bincikenmu na Gombe
nakan zura wayar da ta fi gashi siranta
cikin kan ɓera mai barci,
lasifika ta hau ƙara kamar gugguru a kasko.
Gishiri ya shiga, kanwa ta fita,
sai tartsatsi ya tashi.
Jijiya ba ta taɓa 'yar'uwarta:
akwai rata, kamar gaɓa biyu na Gongola,
saƙo kuma sai ya nemi kwale-kwale.

An ɗauke wuta wata Laraba, janareta ya ƙi,
aikin shekara uku ya narke a firij.
Na yi kuka a banɗaki, na wanke fuska, na shiga aji.
Takardata ta farko sau bakwai aka dawo da ita.
Ɗalibai na kirana Uwar Ɓeraye.
Sun zaci ban sani ba.

Jiya Tanimu ya rufe shagon ɗinkinsa ya zo,
ƙwayarsa ta dare a aljihun gaba.
Na manna masa wayoyi ashirin da ɗaya a ka.
Layuka suka bi allo
kamar ruwan madatsa in iska ta shafe shi.

"Yaya, me kaina ke cewa?"

Na ce, muryar na sani,
harshen ne ban iya ba tukuna.

Ya yi dariyar Baba, sak.
"To in ta sake aike,
ki ce ina gaishe ta."