Kashi Goma Cikin Ɗari

Na kai wa Baba sandar a Suwame,
naɗe cikin tsohuwar jarida,
ba ta fi tsawon alli ba.
Ya jinjina ta a tafi, ya ja tsaki:
"Wannan ƙarfe ne ko karan dawa?
Ƙarfen da ba nauyi, ba mutunci."

Taitaniyam ne, Baba.
Mun dama shi da garin tangaran,
muka matse, muka gasa.
Ya ce, "Sahura, tun yaushe tukunya
ta zama dangin maƙera?"

Ya ɗaure ta a injin sassaƙa.
Haƙorin farko ya dakushe kafin la'asar,
na biyu ya yi ja, ya yi hayaƙi,
na uku Kwaku yaronsa ya ɓoye a aljihu
kada a kwana ba jari.

Ni a ɗakin gwaji ɗaya-ɗaya nake jan su.
Wanda ba a zuba wa komai ba
miƙewa yake, ya rame a tsakiya,
ya yi wuya irin na gora,
ya ba ka damar ja da baya
kafin ya rabu.
Kashi biyar, ya ƙara taurin kai.
Kashi goma, allura ta hau inda ba ta taɓa hawa ba,
gogayya ta kasa cin sa.
Kashi ashirin kuwa
ba miƙa, ba sallama,
ƙas!
kamar farantin da ya suɓuce wa mai wanke-wanke.

Ƙarƙashin madubi na ga tsaga
tana tafiya kamar torotoro a Kejetiya:
ta ci karo da ƙwaya, ta kauce,
ta zagaya, ta gaji.
Inda ƙwayoyin suka cunkushe wuri guda,
nan ta sami titi ɗoɗar.

Shekara arba'in Baba na tsaye kan siminti.
Bai taɓa cewa wayyo ba,
ko ranar da aka rufe Inna a Tafo.
Ina kallon bayansa yana share ɓarɓashin ƙarfe,
ina lissafin da ban so ba.

Ya juyo, ya miƙo mini sandar,
da ƙyar ya kankare mata baki.
"Gaya wa malamanku ta yi ƙarfi.
Amma ki tambaye su,
in ta gaji, wa take faɗa wa?"

Ruwa ya fara buga kwano.
Na ce, Baba, zauna.
Ya yi jim,
sannan ya jawo benci da ƙafa.