Karan Ɗori

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran rubutu
a jaridar mako ta Newlyn,
a saman shagon mai sayar da igiyar jirgi.
Ƙarnin kifi kan riga ni hawa matakala.

Daren Laraba ne, ruwa na dukan taga,
shayina ya huce, idona ya yi nauyi.
Labarin Jelbert, ma'ajin ƙungiyar masunta,
shi ya zo mini ƙarshe, layi goma sha huɗu.

A Turancinmu akwai wata kalma mai fuska biyu.
In ka ɗaura mata ɗan kara a ƙugu,
mutum ya sake sa hannu, yana nan kan kujerarsa.
In ka zare karan,
ya ajiye aiki ke nan, ya kama gabansa.
Sai ta faɗo daidai bakin layi, ta karye biyu.
Na zaci inji ne ya karya ta.
Na ɗinke ta, na kashe fitila.

Da safe gari ya karanta cewa ma'aji ya yi murabus
a makon da ake binciken asusu.
Ba wanda ya ce masa ɓarawo.
Mai burodi dai ta ƙirga kuɗinsa sau biyu a kan idonsa,
a coci kuma aka zagaya da faifan baiko ta bayansa.

Ran Litinin wasiƙar lauya ta iso
da wata kalma mai harafi biyar.
Na sauko da tsohon ƙamusun shari'a, na hure ƙurarsa.
Ashe ɓata suna ƙofa biyu gare shi gaban alƙali:
na baki, wanda iska ke kwashewa,
sai mai ƙara ya nuna abin da ya rasa;
da na tawada, mai kwana a takarda
ya tashi da safe da ƙarfinsa.
Wannan, in ji ƙamus, shi kansa ciwo ne,
ba sai an buɗe bandeji ba.

An ce magana zarar bunu.
Ni ko tari ban yi ba.
Tsinke guda na zare, jinka ta rufto kan bawan Allah.

Mun buga gyara a shafi na bakwai,
ƙarƙashin lokutan cikar teku da janyewarta.
Wa ke karanta shafi na bakwai?

Na same shi bakin gaɓa yana ɗinkin koma.
Na ce, laifina ne, ba na edita ba.
Bai ɗago ba. Ya ce, Morwenna, riƙe mini nan.
Na riƙe zaren har ya gama ƙulli.
Ya janye ƙara bayan wata biyu,
amma gyaran nan yana cikin walat ɗinsa,
ya yi laushi don yawan nunawa.

Yanzu kowane kara na gani a bakin layi
sai na dafa shi da tsinin fensir,
in tambaye shi: kai na wane ne?